Gem ɗin da Na Kulle a Akwati

Mamana,

Ki gafarce ni da na ɗora miki wannan karatun, ga ki da tsohon ciki, ga kumburin ƙafa. Na so in bari sai kin sauka lafiya. Amma kullum kika kira kika ce yaya jikin Yaya, sai in ce miki da sauƙi, in na ajiye wayar kuma in yi ta istigfari. Bakina ya kasa, shi ya sa na yago waɗannan shafuka daga littafin da nake 'yan rubuce-rubucena na aiko miki. Ban gyara komai ba. Inda kika ga rubutun ya karkace, a kan gwiwa na yi shi.

Talata, bayan Azahar

Mun dawo daga asibiti. An ɗora Yaya a sikeli, likita ya dubi lambar, ya dubi ta wancan zuwan, ya rufe fayil. Ya ce ƙashin kafaɗa ya haɗe, ɗinkin goshi ya warke, abin da ya rage ba ya fita a hoto. Ya ba mu mako uku. In ya fara cin abinci yana magana, ya ci gaba da shan magani a gida. In bai fara ba, za su kwantar da shi a ɓangaren nan na baya na masu ciwon ƙwaƙwalwa, inda ake rufe ƙofa, ana ganin marar lafiya sau ɗaya a mako.

Malam ya ce, "Likita, ai yana shan ruwa."

Likita ya ce, "Baba, ruwa ba ya riƙe namiji mai shekara talatin."

Yaya na zaune tsakanina da ubansa, hannuwa a cinya, kamar maganar wani ake yi. Da muka fito ya ƙi shiga gaban mota. A bayan ma idonsa a rufe har gida.

Yau kwana hamsin da biyu tun ranar hatsarin.

Laraba, da hantsi

Na sake zuba abinci kwano huɗu. Sai da na ajiye na lura. Mu uku ne.

Alhamis, bayan La'asar

Na shiga kai wa Yaya magani. Daga hannuna kaɗai yake karɓa. In Malam ya miƙa masa sai ya kau da kai. Ina tsaye ina jiran kofin, sai 'ya'yan maƙwabta suka ƙure talabijin, kiɗan katun ya shigo ta taga. Ba irin na da ba ne, na yanzu duk ihu ne. Amma na ga ya ɗaga kai.

Ni ma sai na tuna ƙarfe huɗun yamma na wancan lokacin. Su uku a ƙasa, kwance rub da ciki, haɓa a tafin hannu, suna jiran a sako kunkurun nan mai kai wasiƙa a kan keke, wanda bai taɓa isa da wuri ba. Auta kan yi wa kunkurun tsawa, wai ya bi ta hagu ya fi kusa. Ni kuwa ina daga madafi ina cewa a rage, a rage, maƙwabta na ji.

Ya miƙo kofin. Ya ce, "Umma."

Kwana goma sha ɗaya rabon da in ji muryarsa. Ta dushe.

"Ina gem ɗinmu?"

Na ce wanne? Na san wanne. Na tambaya ne don ya ƙara wata kalmar.

"Wanda kika karɓe."

Na ce yana nan. Ya koma ya kwanta, fuska a bango.

Juma'a, bayan Asuba

Shekara goma sha takwas da karɓe gem ɗin. Na ƙirga da yatsa a kan sallaya, Allah ya yafe mini, a maimakon tasbihi.

Wani abokin aikin Malam ne ya kawo musu tsaraba. 'Yar na'ura ce mai ruwan toka, ana cusa mata kaset ta sama, ana jona ta da talabijin, da abin riƙewa guda biyu da suke kira hannu. A ciki wani ɗan mutum ne da fitila yana shiga daji da kogo yana neman makullai. Ban taɓa zama na kalla ba. Kiɗan kawai na sani, don yana shiga kai ya zauna. Akwai ranar da ina tilawa na ji shi yana bin bayan karatuna, sai da na tashi na sake alwala.

Ranar da na karɓe, na aiki Yaya kanti, na ce wa Auta ya kashe ya yi La'asar. Na dawo daga shanya rana ta yi ja, yana nan a gaban talabijin, bai ma ji shigowata ba. Na zare wayar daga bango. Ban doke shi ba, ban taɓa dukan ɗayansu ba. Na naɗe komai a tsohon zane, na ce sai bayan jarrabawa.

Aka yi jarrabawa, aka yi hutu, aka koma. Auta ya yi wata guda yana bi na, Umma yau? Umma gobe? Ina cewa tukuna. Gida ya yi shiru, ana salla a kan lokaci, na ga ai gara haka. Wata rana ya daina tambaya, ni kuma na ji daɗi da ya daina.

Ni ce nake koya wa matan unguwa cewa alkawari kaya ne.

Juma'a, bayan Azahar

Yana ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin allona na yarinta. Zanen ya cinye a wajen ninki.

Malam ya shigo ya tarar da ni a ƙasa da wayoyi a cinya. Ya ce, "A'a, yau fursuna ya samu afuwa? Ko wanda ya yi kisan kai ai da ya fito tuni."

Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya riƙe da labule, bakinsa a buɗe. Na ce masa ba komai, ya zo ya duba mini wace waya ce ke shiga ina. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, muka yi ta juya talabijin. Wannan ta bango da Auta ya sayo mana bara ba ta da ramin da wayar za ta shiga. Malam ya gwada kowane rami har da na bayan rediyo.

Ya ce, "Ke kin rufe shi tun duniya na kwance, kin buɗe ta tashi ta tafi."

Asabar, da yamma

Yaya ya fito falo da kansa. Ya tsaya a kan na'urar, ya ɗauki hannu guda, wanda aka naɗe wayarsa da jan salatif. Na Auta ne, shi ke tauna waya. Ya shafa maɓallan da babban yatsa. Na ce ranar Litinin zan kai wa mai gyara. Ya gyaɗa kai.

Ya ci cokali uku. Na ƙirga daga bakin ƙofa.

Lahadi, da hantsi

Cokali biyar, da rabin lemo. Ban faɗa wa kowa ba, ina tsoron baki, har nawa.

Litinin, bayan Azahar

Shagon mai gyara yana layin bayan kasuwa, tsakanin tela da mai walda. Dattijo ne, tabarau ɗaure da zare, bayansa tsofaffin rediyo da talabijin jibge har rufi. Shi ya gyara mana fanka da dutsen guga tun yaran na firamare. Ya yi mini gaisuwar rashin Auta, ya ce bai samu zuwa ba, ƙafa. Na ce an gode.

Ya juya na'urar ya ce, "Hajiya, wannan ai sa'ar jikokina ce a shekaru, amma ni ban taɓa buɗe irinta ba. Sai dai wuta duk wuta ce."

Ya hura kaset ɗin, ya goge haƙoransa da auduga, ya jona da wata tsohuwar talabijin mai ƙaton baya. Ta yi shuu, ta yi layi-layi. Ya ɗan buge ta a gefe. Sai kiɗan ya tashi.

Na nemi benci na zauna. Mai walda ya leƙo ya ce wa ke biki.

Hoton na rawa, amma ana gani. Gida uku ne a jere, na sunayen masu wasa. Na sama an rubuta GIWA, gefensa 'yan makullai biyar. Na biyu ZOMO, makullai shida. Na ƙasa babu komai. Wannan da na Mamana ne, da sun taɓa barin ta ta riƙe hannun. Na ƙirga makullan ne don kawai idona ya samu abin yi, kada ya zubo a gaban maza. Ban san sun sa wa kansu waɗannan sunaye ba. Zomo. Kunnuwan nan na Auta.

Mai gyara ya kwance kaset ɗin ya nuna mini wani ɗan batir kamar maɓallin riga. Ya ce, "Kin ga wannan ya kumbura, ya fara tsatsa. Ikon Allah ne ma da ya kawo yanzu. A canza?"

Na ce, "A canza. Duk abin da ya tsufa a ciki a canza, a wanke shi tas. Marar lafiya za a kai wa, ina so ya same shi kamar sabo."

Haka na ce. Na rubuta yadda na faɗa.

Ya ce in dawo jibi.

Talata, da yamma

Mako ɗaya ya tafi, saura biyu. Amma yau Yaya ya yi wanka ba tare da an ce ya yi ba.

Muna zaune da Malam a tsakar gida, ya tuno mini kwamfutar ofishinsu. Ranar Asabar in yana da aikin rabin yini yakan tafi da su, ya kunna musu wani abin koyon lissafi. Kwaɗo ne a bakin tafki, in ka ba da amsa daidai ya yi tsalle ya hau ganye, in ka kuskure ya faɗa ruwa tsulum. Yaya ba ya yarda kwaɗonsa ya jiƙe, sai ya yi lissafin a takarda tukuna. Auta kuwa da gangan yake cewa biyu da biyu tara, don ya ga faɗuwar, ya yi ta dariya har maigadi ya leƙo.

Malam ya ce, "Yaron nan ya nutsar da kwaɗo ya fi dubu, kuma shi ya zo ya fi kowa lissafi."

Muka yi dariya. Ita ce ta farko. Sai muka ji kunyar juna, kowa ya tashi ya nemi abin yi.

Laraba, bayan La'asar

Na karɓo. Mai gyara ya goge ta har tana ƙyalli, ya ce hoto ya zauna daram, ya gwada kiɗa na tashi. Ya ara mana tsohuwar talabijin ɗin, ya ce mu riƙe har Allah ya ba da lafiya. Ban ce ya kunna in gani ba. Sauri nake.

Malam ya jona a falo. Yaya ya fito ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa kamar da, gwiwoyinsa duk ƙashi. Ya ɗauki hannunsa, ya ajiye na jan salatif a gefensa, inda mutum zai zauna. Ya kunna. Kiɗan ya cika ɗakin. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya danna maɓalli.

Gida uku, duka babu komai.

Ya kashe ya kunna. Ya zare kaset ya hura ya mayar. Ya sake. Sau bakwai. Hoton tsaf, ko rawa ba ya yi.

Ya dubi babban yatsansa. Ya ce, a hankali, "Na danna wani abu."

Ina tsaye a bayansa da faranti. Ina da baki. Na san abin da na gani shekaranjiya, kuma zuciyata ta riga ta faɗa mini abin da ya faru. Ban ce komai ba.

Ya tashi ya shiga ɗaki ya tura ƙofa.

Alhamis

Bai ci ba.

Juma'a, da hantsi

Na koma wurin mai gyara. Da na faɗa masa ya cire tabarau ya riƙe. Ya kira wani ɗan'uwansa da ya san irin waɗannan a waya, ina ji. Wancan ya ce ɗan batirin shi ke riƙe da abin da aka ajiye a ciki. Muddin aka zare shi, ko na ƙiftawar ido, komai ya tafi. Akwai yadda ake canzawa ba a rasa ba, amma sai wanda ya sani.

Na ce babu yadda za a dawo da shi? Ya sake tambaya. Babu.

Ya laluba cikin gwangwanin da yake zuba tarkace ya ciro tsohon batirin. Ya ce, "Ko a mayar da wannan?" Shi ma ya san amsar. Ya ce, "Hajiya, shekara arba'in ina gyara, ban taɓa ɓata abu da gyara irin na yau ba. Ki yafe ni."

Na ce shi tambaya ya yi, ni na ba da umarni.

Na karɓi batirin na ƙulle a bakin mayafi. Ban san me zan yi da shi ba.

Asabar, bayan Azahar

Na faɗa wa Malam komai.

Na ce zan shiga in gaya masa. Yaron yana can yana ganin shi ya goge.

Ya ce, "Ki gaya masa, sannan wa zai ba shi magani? Ni ko ruwa ba ya karɓa a hannuna. Ke kaɗai kika rage masa. In ya juya miki baya, shi ke nan, mu ɗauke shi mu kai tun yau."

Na ce shirun nan ƙarya ce.

"Ba ki faɗi komai ba."

Na ce shi ne ai.

Ya ce, "Malama, wannan ba ajin matan unguwa ba ne. Ɗanki ne." In ya kira ni Malama, ransa ya ɓaci. Can kuma ya sauke murya. "Ki bari ya ɗan farfaɗo. Gaskiya ba ta ruɓewa, za ta jira."

Na yi shiru. Na iya shiru, kowa ya shaida.

Lahadi

Ruwa da magani. Takalman Auta har yanzu suna bayan ƙofa, na share gefensu.

Litinin, da hantsi

Malam ya zo da dabara. Wai a sake rubuta sunayen, a buga har a tara makullan, a ce wa Yaya mai gyara ya dawo da su. Na ce wa zai buga? Ya ce, "Abin da yaro ɗan shekara tara ya yi? Ke da kika haddace izu sittin?"

Na ce ba kyau. Na faɗa sau biyu. Sannan na zauna.

Mun rage murya ƙasa-ƙasa. Malam ya riƙe tabarau yana nuna mini haruffa, ina turawa da maɓalli. Na sa harafi biyu na sunan, hannuna ya ƙi. Malam ya ce wuce haka nan, mu gwada tukuna. Ɗan mutumin ya fito da fitilarsa a bakin daji. Na danna, ya yi gaba, ya faɗa rami. Aka dawo da shi. Ya sake faɗawa.

Malam ya ce, "Tsalle ake yi. Ke ko a gem ma ba kya ɗaga ƙafa."

Ya karɓa. Shi bai ma kai ramin ba, wani tsuntsu ya sure shi.

Ramin farko ke nan, ko makulli ɗaya ba mu hango ba. Yaran nan wata bakwai suka yi a kai. Na dubi hannuwana a kan abin, duk jijiya, na ga tsohuwa tana ƙoƙarin ƙirƙiro aikin mamaci don ta yaudari mai rai. Na kashe.

Da na juya, ƙofar Yaya a ɗan buɗe take. Ban san tun yaushe ba.

Talata, bayan Magariba

Saura mako guda. Wandonsa ba ya zama sai ya riƙe.

Laraba

Na yi tilawa shafi biyu, na tarar ban san abin da na karanta ba. Kiɗan ne.

Alhamis, bayan La'asar

Na kai magani. Yana zaune a bakin gado. Bai miƙo hannu ba.

Ya ce, "Umma, ki daina wahalar da kanki. Ni ne. Duk abin da na riƙe haka yake." Ya buɗe tafukansa yana kallo. "Auta ya ce mini in tsayar da mota in ɗan runtsa. Sau biyu ya faɗa. Na ce saura kaɗan mu isa."

Bai taɓa maganar ranar ba, ko ga likita. Na ajiye kofin a ƙasa don kada ya zube.

Na ce wancan Allah ya riga ya rubuta, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kai. Amma na gem ɗin ba kai ba ne. Na faɗa masa duka, shagon, batirin, abin da aka tambaye ni da abin da na amsa. Na kwance bakin mayafi na nuna masa. Na ce ina bayanka ranar Laraba, na ji abin da ka ce, na yi shiru kwana takwas.

Bai taɓa batirin ba. Ya ce, "Kafin a cire, an kunna?"

Na ce an kunna.

"Kin gani?"

Na ce na gani. Giwa da Zomo.

Ya ɗago. Rabon da ya dube ni cikin ido tun kafin ranar. "Makullai nawa ne a nasa?"

Na ce shida.

"Nawa fa?"

Biyar.

Ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ce. Ya ce ranar da na karɓe, da ya dawo daga aiken kanti, Auta ya ce masa ya samo na shida shi kaɗai, a kogon da ya gagare su wata guda, shi ya sa bai ji kiran salla ba. Yaya ya ce ƙarya yake. Babu yadda za a duba, abin yana akwatina. Shekara goma sha takwas suna wannan musun, in sun haɗu, in sun yi waya, har ranar ɗaurin auren Mamana. Ni ban taɓa sani ba, ba sa yi a gabana, kada in ji kamar gori suke mini.

Ya ce, "A motar ma ya tayar. Don kada in yi barci. Na ce masa maƙaryaci."

Na ce to ba ƙarya ya yi ba. Shida ne, na ƙirga.

Sai ya ce, ba da faɗa ba, da ladabinsa na kullum, "Umma, da gaske kin gani, ko don in ci abinci ne?"

Na ce wallahi. Ni da ba na rantsuwa.

Ya ce, "Na ga kuna rubuta sunansa ranar Litinin."

Ya ɗauki kofin daga ƙasa, ya riƙe, ya mayar inda yake. Ya ce, "Ba komai, Umma. Allah ya ba da lada." Yadda ake sallamar baƙo.

Juma'a, da hantsi

Na je wurin mai gyara in roƙe shi ya zo ya faɗa da bakinsa. Ya ce sunaye biyu ya gani, wannan zai iya dafa littafi a kai. Makullai kuwa bai ƙirga ba, hankalinsa na kan rawar hoton.

Ya ce, "In kina so in ce shida, sai in ce shida. Don lafiyar yaro ai ba laifi."

Na ce a'a, na gode. Har na kai bakin layi na tsaya, na kusa komawa. Mai walda yana ta kallona. Na wuce.

Juma'a, bayan La'asar

Bai karɓa a hannuna ba. Bai karɓa a hannun Malam ba. Malam bai ce ai na faɗa miki ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Asabar, bayan Azahar

Ya sha maganin da kansa, bayan na ajiye na fita. Abincin yana nan yadda na rufe shi.

Ya ce wa ubansa, ba ni ba, a haɗa masa kaya tun yanzu, ba sai an jira likita ya faɗa ba. Malam ya kira asibiti. Sun ce ranar Talata da safe, kaya kala uku, ban da reza, ban da bel, ban da duk wani abu mai waya. Na wanke, na goge, na ninke. Wandunan duk sai da na sa musu roba a ƙugu.

Mamana, nan rubutun ya tsaya, sauran magana da ke nake.

Ranar da na zare wayar daga bango, ina tuna Auta a gaban talabijin. Abin da na kasa tunawa shi ne ko kina ɗakin. Kullum kina bayansu a kan hannun kujera, kina cewa saura ni, saura ni. Na rufe ido na nemo ki a wannan yammacin har kaina ya yi ciwo, wani lokaci in gan ki, wani lokaci in ga kujerar kawai.

In kina wurin, kuma kin ga lokacin da ya ɗauki na shidan, ki kira Yayanki ki faɗa masa yadda aka yi, da kogon, da abin da Auta ya ce, duk abin da ni ba zan iya sani ba. Ke zai yarda da ke. Ba na ce zai ci abinci ba. Na daina cewa komai zai sa ya ci. Ina so ne kawai ya shiga wurin nan ya san ƙaninsa gaskiya ya faɗa.

In ba kya wurin, ko kin manta, kada ki ce kin gani. Ko Babanku ya kira ki ya roƙe ki, kada ki ce. Ki faɗa mini ni kaɗai, zan san yadda zan yi da shi.

Wayarsa za su karɓe a bakin ƙofa ranar Talata, ƙarfe takwas. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.

Ummanki.